Kuɗi Ba Ya Bincike, Mutane Ke Yi

A shekarar 2025 masu riƙe da ragamar kimiyya a Amurka sun yi aika-aikar da bai dace a kau da kai daga gare ta ba. Sun datse kuɗin shirye-shiryen da ke ɗauko ɗalibai da masu digirin farko daga al'ummomin da ba kasafai ake ganin 'ya'yansu a ɗakunan bincike ba, a horar da su, a shirya su shiga karatun digirin digirgir. Fadar shugaban ƙasa ce ta ba da umarni, hukumar NIH mai rabon kuɗin binciken lafiya ta zartar, jami'o'i da dama kuma suka bi ba tare da ko tari ba. A kowane fannin lafiya wannan ɓarna ce. A fannin gigin tsufa kuwa ganganci ne da rayuwar miliyoyin tsofaffi, kuma wanda ya sa hannu da wanda ya gani ya yi gum, kowa yana da kason laifinsa.

Amurkawa kimanin miliyan 7 masu shekara 65 zuwa sama suna fama da cutar Alzheimer, wadda ita ce mafi yawa cikin cututtukan da ke kawo gigin tsufa. Cuta ce mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har uwa ta kasa gane ɗan da ta haifa, har dattijo ya fita ƙofar gidansa ya rasa hanyar komawa. Kuma nauyinta bai faɗo wa kowa daidai ba. Haɗarin kamuwa da ita ga tsoho baƙar fata ya kai kusan ninki biyu na takwaransa farar fata, na tsoho mai asali da Latin Amurka kuma kusan ninki ɗaya da rabi. Su ne kuma likita ya fi makara wajen gano cutar a jikinsu, sai abu ya yi nisa, iyali sun gaji, an wuce lokacin da za a iya shirya komai cikin natsuwa.

Ba za a ce Amurka ta yi rowar kuɗi ba. A farkon 2011 shugaba Obama ya sa hannu a dokar yaƙi da cutar, aka tsara shirin ƙasa da ya ɗauki alkawarin samar da rigakafi da ingantaccen magani zuwa shekarar 2025. Kuɗin da gwamnati ke zubawa a binciken ya tashi daga kusan dala miliyan 450 a shekara zuwa kusan dala biliyan 3.8. Shekarar alkawarin ta zo, babu maganin da ke warkarwa. A maimakon a zauna a tambayi kai me ya hana, sai aka zaɓi wannan shekarar aka kori matasan da ake shiryawa su karɓi aikin. Wace irin dabara ce wannan?

A dubi abin da aka samu da biliyoyin. A 2021 aka amince da maganin Aduhelm bayan gwaji a kan mutum sama da 3,200. Baƙaƙen fata a cikinsu 19 ne kacal. A 2023 aka ba Leqembi cikakkiyar amincewa bayan gwaji a kan mutum 1,795, baƙaƙen fata ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, kuma ko an ware mahalartan Amurka kaɗai ba su kai kashi 5 ba. Wato mutanen da cutar ta fi addaba su ne aka fi ƙarancin sanin yadda maganin zai yi a jikinsu. Likitan da tsohuwa baƙar fata ta zauna a gabansa tana tambayar ko wannan ƙarin ruwa mai tsada, mai haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa, zai amfane ta, hujjar da ke hannunsa ba ta taka kara ta karya ba. Wannan ba tsautsayi ba ne. Masu tsara gwaji ne suka zaɓi asibitocin da za a yi aikin, suka zana sharuɗɗan shiga, suka yanke wa za a nema da ta bakin wa za a neme shi. Idan teburin da ake yanke waɗannan shawarwari babu wanda kakarsa ke zaune a unguwar da aka tsallake, babu mai ɗaga murya ya ce an tsallake ta.

Hukumar NIH ta san da wannan tun tuni. Cibiyarta ta nazarin tsufa, wadda aka kafa a 1974, ita ce ta buɗe cibiyoyi na musamman a 1997 don renon masu bincike kan tsufan al'ummomin da aka bari a baya. A 2011 Donna Ginther ta jami'ar Kansas da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Science cewa mai neman babban tallafin bincike idan baƙar fata ne, damarsa ta samu tana ƙasa da ta farar fata da maki 10 cikin 100, ko da an daidaita ilimi, da wurin aiki, da yawan abin da kowa ya wallafa. A 2019 wani nazari na ma'aikatan hukumar da kansu ya gano cewa kusan kashi 20 cikin 100 na wannan giɓi daga batun da mutum ya zaɓa ya fito: baƙaƙen masana sun fi son nazarin al'umma, da rigakafi, da bambancin lafiya tsakanin jama'a, su kuwa waɗannan batutuwa ba su cika samun kuɗi ba. A 2021 shugaban hukumar na lokacin, Francis Collins, ya fito ya nemi afuwa kan wariyar da ta yi katutu a harkar binciken lafiya. Shekara huɗu kacal bayan neman afuwar, hukumar ta juya ta rushe gyaran da ta fara. Wanda ya san ciwo, ya faɗi sunansa da bakinsa, sannan ya zubar da maganin, ba shi da uzurin jahilci.

Ya kamata a fahimci abin da aka rushe, domin masu sukar sa sun fi kowa jahiltar sa. Ba a shiga karatun digirin digirgir a babbar jami'ar Amurka da sakamakon jarrabawa kaɗai. Ana so a ga ka taɓa aikin bincike da hannunka, ana so a ga wasiƙar shaida daga malamin da aka san sunansa. Ɗan mai hali yana samun waɗannan a sauƙaƙe, domin lokacin hutu zai iya zama a ɗakin bincike ko ba a biya shi ba. Yarinyar da ta yi digirinta tana aikin dare a kanti, a ƙaramar kwalejin da ba ta da manyan na'urori, ta fito da bashin karatu a wuyanta, ba ta da wannan gata komai kaifin basirarta. Shiri irin PREP abin da yake yi shi ne ya ɗauke ta aiki shekara ɗaya ko biyu da ɗan albashin da za ta rayu, ya haɗa ta da malami mai kula da ita, ta koyi sarrafa alƙaluma, da karanta hoton ƙwaƙwalwa, da gwada tunanin tsoho, da rubuta rahoto ta tsaya gaban masana ta kāre shi. Shirin MARC kuma, wanda ya faro tun shekarun 1970, tun suna tsakiyar digirin farko yake kama su. Waɗannan shirye-shirye na duk fannonin binciken lafiya ne, daga cikinsu masu nazarin tsufa da ƙwaƙwalwa ke fitowa. Kuma ba baƙaƙen fata kaɗai suke ɗauka ba. Akwai 'yan Latin Amurka, akwai 'ya'yan ƙabilun asali na ƙasar, akwai masu buƙata ta musamman, akwai 'ya'yan talakawa na kowane launi. Duka aka haɗa aka share.

Hujjar masu sharewa ita ce cancanta. Sun ce a bar kowa ya yi takara da ƙoƙarinsa. To, shirin horo bai taɓa ba kowa digiri kyauta ba. Wanda ya fito daga cikinsa sai ya nemi gurbi kamar kowa, ya ci jarrabawa kamar kowa, ya kāre kundinsa gaban kwamitin da ba ya ragi. Abin da shirin ke bayarwa shi ne damar isa bakin layi. Wanda ya rufe hanyar zuwa filin tsere, sannan ya ce ai wanda ya fi gudu ne ya ci, ba cancanta yake karewa ba, gatan da ya gāda yake karewa.

Kuma cancanta a kimiyya ta haɗa da sanin tambayar da ta dace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An daɗe ana gwada tunanin tsofaffi da jarrabawar da aka auna a kan fararen fata masu ilimi, ana ganin baƙaƙen tsofaffi na cin maki kaɗan, ana ɗaukar haka alamar cuta. Jennifer Manly ta jami'ar Columbia, wadda ita kanta baƙar fata ce, ta nuna cewa ƙirga shekarun makaranta yaudara ce, domin wanda ya yi karatu a makarantun wariya na kudancin Amurka, masu gajeren zango da ƙarancin littattafai, shekara takwas ɗinsa ba ɗaya ba ce da ta ɗan makarantar fararen fata. Da ta auna iya karatun mutum a zahiri, sai babban kaso na bambancin makin ya ɓace. Lisa Barnes ta jami'ar Rush da ke Shikago ta fara bin diddigin baƙaƙen tsofaffi tun 2004, ta zauna da su shekara da shekaru har da yawa suka amince a duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa. Aikinta ya nuna cewa baƙaƙen da suka rasu da cutar sun fi fararen yawan samun illa iri-iri a cakuɗe cikin ƙwaƙwalwa, ba daskararren furotin ɗin nan na amiloyid kaɗai ba, wanda shi ne sababbin magunguna ke kai wa hari. Wannan ilimi ya amfani kowane majiyyaci da kowane likita. Manly da Barnes nawa aka sallama a 2025 tun kafin su fara?

Batutuwan nan na al'umma da rigakafi da ake rainawa kuwa, a nan alherin yake. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya. Cikinsu akwai ƙarancin ilimi a yarinta, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin ji da na gani, da gurɓatacciyar iska, da kaɗaici. Duk wanda ya karanta jerin ya san a wace unguwa suka fi yawa. Gyaran su yana buƙatar masu binciken da za su shiga coci da masallaci da shagon aski da asibitin unguwa, a saurare su. Su ne ake hana wa tallafi idan sun girma, ga shi yanzu an hana su horo tun suna ƙanana.

Ba cewa ake yi sai baƙi ne zai iya nazarin baƙi ba. Ana cewa ne aiki yana kyau idan 'yan gida suna cikin masu ja gaba, kuma Nijeriya shaida ce. Tun 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi na Ibadan suka haɗa hannu da Hugh Hendrie da Kathleen Hall na jami'ar Indiana, suka riƙa auna tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen tsofaffi a Indianapolis da ma'auni ɗaya wanda aka tsara don ya yi aiki ko ga wanda bai je makaranta ba. Rahotonsu na 2001 ya nuna cewa yawan sababbin masu kamuwa da Alzheimer a Ibadan bai kai rabin na Indianapolis ba. Sun kuma ga cewa ƙwayar gadon nan ta APOE-e4, wadda ke ninka haɗarin cutar ga Turawa, tasirinta ya yi rauni ƙwarai a tsakanin Yarabawa. Wannan ya girgiza tunanin cewa abin da aka gano a jikin Bature shi ne gaskiyar ɗan Adam duka. Da babu ƙwararrun likitocin Ibadan da ma'aikatan da ke bi gida-gida suna magana da tsofaffi da harshensu, da ba a san wannan ba har yau.

Sai maganar amana, wadda kuɗi ba ya saye. Binciken wannan cuta yana neman abu mai nauyi daga mutum: a ɗebi ruwan lakar bayansa, a ɗauki hoton kansa, ya bar wasiyyar a ciri ƙwaƙwalwarsa idan ya rasu. Baƙaƙen Amurka ba su manta Tuskegee ba. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta sa ido kan maza kusan 400 masu ciwon tunjere a jihar Alabama, ta ɓoye musu sunan ciwonsu, ta hana su magani ko bayan an samu fenisilin. An soke bayansu an ɗebi ruwan laka da sunan magani na musamman, an yi musu alkawarin kuɗin jana'iza don a samu damar feɗe gawarsu. Tsofaffin da ake roƙo yau su shiga gwaji sun mallaki hankalinsu lokacin da asirin ya tonu. Wa zai zauna da irin wannan dattijo ya yi masa bayani har ya gamsu, in ba wanda ya san tarihin a cikin jininsa ba, kuma yake da ikon tabbatar da cewa ba za a maimaita ba?

Rufe ƙofar ma ba yau aka fara ba. Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrobiya ta Laberiya a 1872, jikan bawan da ya fanshi kansa, yana cikin 'yan ƙasashen waje biyar da aka zaɓa su yi aiki a ɗakin binciken Alois Alzheimer a Jamus a 1904. A 1912 ya wallafa ɗaya daga cikin cikakkun bayanai na farko kan cutar da harshen Ingilishi. Ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar Boston da albashin da bai kai na fararen abokan aikinsa ba, ya riƙe sashen cututtukan ƙwaƙwalwa, amma da aka zo naɗa shugaba sai aka tsallake shi aka ba farar fatan da ke ƙasa da shi, ya ajiye aiki a 1933. A zamaninsa ne kuma rahoton Flexner na 1910 ya yi sanadin rufe 5 daga cikin makarantun likitanci 7 na baƙaƙen fata, aka bar Howard da Meharry kaɗai. Har yau baƙaƙen fata ba su kai kashi 6 cikin 100 na likitocin Amurka ba, alhali sun kai kashi 13 na jama'arta. Giɓin da aka haƙa da gangan cikin shekara ɗari ba zai cike kansa ba don an daina ambaton sa.

Ko alƙali ya ga abin. A watan Yunin 2025 William Young na kotun tarayya a Boston, wanda shugaba Reagan ya naɗa, ya yanke cewa soke ɗaruruwan tallafin NIH ya saɓa wa doka, ya kuma kira shi wariyar launin fata ƙarara. A watan Agusta Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ba gwamnati damar ci gaba da riƙe tallafin da ya kai kusan dala miliyan 783. Shari'a tana iya jan shekaru, amma matashi ɗan shekara 22 mai kuɗin haya a kansa ba zai iya jira ba. Zai nemi wani aikin, kuma mafi yawan waɗanda suka juya ba sa dawowa.

Ku kuma shugabannin jami'o'i, kada ku laɓe a bayan gwamnati. Wasunku sun cike giɓin daga aljihunsu, sun kyauta. Amma da yawanku kun riga umarni gudu, kun rufe ofisoshi, kun goge kalmomi daga shafukanku, tun ba a tilasta muku ba. Jiya kuna buga hotunan yaran nan a bangon mujallunku kuna neman kuɗin masu taimako da fuskokinsu. Asusun ajiyar jami'ar Harvard kaɗai ya haura dala biliyan 50, kuma jami'o'i da dama suna da sama da biliyan ɗaya. Albashin ɗan koyo na shekara ba ya girgiza irin wannan asusu. Kada kuma ku ce hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai ya ɗaure muku hannu. Shirin Meyerhoff na jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore, wanda Freeman Hrabowski ya kafa a 1988 da kuɗin masu taimako, tun 1996 ya buɗe ƙofarsa ga kowane launi, kuma bai daina yaye baƙaƙen masana ba. Daga cikinsa Kizzmekia Corbett ta fito, wadda ta taka rawa wajen samar da allurar korona ta Moderna, da Kafui Dzirasa mai binciken ƙwaƙwalwa a jami'ar Duke. Hanya tana nan ga mai niyya: a zaɓi ɗalibi bisa talaucin gidansu, da rashin gatan makarantarsa, da kasancewarsa na farko da ya shiga jami'a a zuriyarsu, da kishinsa ga al'ummar da cutar ta fi ci.

Manyan malaman bincike ma ba su kuɓuta ba. Tun shirye-shiryen suna raye, koken da ake yawan ji shi ne a ɗauki matashi a mai da shi ɗan aike: shi ne mai zuwa unguwarsu ya jawo tsofaffi, shi ne mai fassara, shi ne mai cike takardu, amma idan an zo tsara tambayar bincike da jera sunayen marubuta sai a ga ba ya nan. Wannan amfani da mutum ne, ba horo ba. Shirin da aka riƙe a matsayin ado shi ya sa aka cire shi cikin sauƙi da iska ta juya. Da kun ɗauke shi ginshiƙin aikinku, da kun yi faɗa a kansa kamar yadda kuke yi idan an taɓa kuɗin na'urorinku.

Abin bai tsaya a Amurka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ma'aunin gano cutar, da gwajin jini, da magungunan da ake ƙirƙira a can, su ne ke isowa asibitocinmu daga baya. Idan an gina su ba tare da nazarin masu asalin Afirka ba, iyayenmu ne za a auna da ma'aunin da ba nasu ba.

Saboda haka majalisar dokokin Amurka, wadda ita ce ke ware kuɗin, ta maido da shirye-shiryen horon, ta kuma rubuta su cikin doka yadda ba za a share su da sa hannun mutum ɗaya ba. Jami'o'i su biya daga asusunsu har zuwa lokacin. Kamfanonin da ke sayar da maganin Alzheimer da dubban daloli, da ƙungiyoyin da ke tara gudummawa da sunan majiyyata, su ɗauki nauyin guraben koyo, su bayyana wa duniya adadinsu. Kowane babban malami mai tallafi ya ɗauki matashi ɗaya, ya biya shi, ya koya masa, ya sa sunansa a aikin da ya yi.

Lokaci ba ya gefen masu jinkiri. A Amurka mai bincike yakan haura shekara 40 kafin ya samu babban tallafinsa na farko, wato wanda aka sallama yana ɗan shekara 22 a 2025 shi ne shugaban ɗakin binciken da za a nema a rasa wajen 2045. Zuwa 2050 ana hasashen masu cutar a ƙasar za su kusa miliyan 13, kuma kason baƙaƙe da 'yan Latin Amurka cikin tsofaffi ƙaruwa yake yi. Kowace shekara da aka bar ƙofar nan a rufe, aji guda na masana ne aka yi asara, kuma ba a maido da shi da ƙarin kasafi daga baya. Waɗanda suka rufe sun san haka, domin alƙaluman daga ofisoshinsu suka fito. Su buɗe, ko su amsa cewa da saninsu suka zaɓi su bar tsofaffin da suka fi shan wahala ba tare da masu nema musu magani ba.